Ruwan da Ke Cizo

Ranar da aka gama manna tayil a sabon tafkin wanka na bayan gidan Alhaji Nuraddeen da ke Katampe, ranar aka buɗe gardamar fitila. Tafkin dai ya haɗu, shuɗi gwanin sha'awa. Saura a saka masa fitilun cikin ruwa, a kira tanka ta cika shi. Mako uku suka rage Nazeefa, autar gidan, ta cika shekara takwas, kuma Hajiya Khaula ta riga ta gaya wa iyayen 'yan ajinsu cewa a cikin ruwa za a yi bikin.

Hindatu na tsugune a gefe tana kankare busasshen simintin da ya ɗiɗɗiga a daɓe. Ɗiyar baffan Alhaji ce, ta girme shi da shekara tara, ita ta goya shi, shi ya sa ake ce mata Adda. Shekara huɗu ke nan da ya je Kuchigoro da kansa ya ɗauko ta daga sansanin 'yan gudun hijira, ya ce ba zai yiwu jininsa yana kwana a ƙarƙashin tamfol ba. Aka ba ta ɗakin da ke manne da ɗakin injin ruwa a bayan gida. A watan farko baƙuwa ce. A na biyu aka sallami mai aiki, ba a kuma ɗauko wata ba.

Marvel, ɗan kwangilar da ya gina tafkin, mutumin Enugu ne da ya daɗe a Nyanya har Hausa ta zauna a bakinsa yadda ta ga dama. Ya ajiye wata fitila mai kama da faifai a kan teburin roba.

"Madam, wannan shi ne na ruwa. Wuta kaɗan yake ci, bolt goma sha biyu. Akwai taransifoma da zai rage wuta kafin ya shiga. Ko ruwa ya shiga ciki, ba wanda zai ji komai."

"Launi nawa take yi?"

"Fari. Akwai bulu kuma."

"Fari, sai ka ce asibiti." Hajiya ta miƙa masa wayarta. "Dubi na gidan ƙawata a Maitama. Ja, kore, ruwan hoda, tana juyawa da kanta. Irinta nake so."

"Akwai shi, amma sai an kawo daga Legas. Sati biyar."

"Sati uku gare ni."

"To a sa fari yanzu. In ya zo, a canza."

"Hoton bikin kuma fa? Shi ma a canza?"

Washegari Tawfiq, ƙanin Hajiya, ya shigo da kwali a kafaɗa daga wani shago a Utako. Fitilu shida, launi bakwai, har da remot. Marvel ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce.

"Wannan na gaden ne, na haska fulawa. Ruwan sama zai iya duka shi, amma ba a nutsa shi. Kuma wuta ɗari biyu da ashirin ne kai tsaye."

"Ga shi an rubuta a kwali ruwa ba ya shigarta," in ji Tawfiq. "A shafa mata gam a baki, magana ta ƙare. Yaya, kin san mutanen nan. In ba kayansu kika saya ba, sai su ce miki mutuwa za a yi."

Marvel ya dubi Alhaji. Alhaji yana tsaye a inuwa da waya a kunne, ya rufe bakinta da hannu ya ce, "Ku daidaita da Madam. Ni dai a gama kafin ranar."

"Oga, hannuna ba zai sa wannan ba."

Ya tattara kayan aikinsa. Da ya zo wucewa ta gaban Hindatu ya ce, "Mama, sannu da aiki." Ita ce sannun da ta samu a ranar.

Tawfiq ya samo wani mai gyaran wuta a bakin titi. Suka jawo waya daga ɗakin inji, suka fito da ita ta wata huda a bango, suka bi da ita ta ƙarƙashin tagar Hindatu, suka lulluɓe da tsakuwa. Tawfiq ya kulle ɗakin injin, ya haɗa makullin da na motarsa. Aka cika ruwa. Bayan magariba aka danna remot, tafkin ya yi ja, ya yi kore, ya yi ruwan hoda, Nazeefa na tsalle tana tafi. Hajiya ta kafa doka: ko ɗan yatsan ƙafa kada wanda ya tsoma sai ranar biki, ruwan ya fito sabo a hoto.

Sai dai darbejiyar maƙwabta ba ta ji dokar ba. Zafin Maris ne, ganye take zubarwa ba dare ba rana. Aka miƙa wa Hindatu doguwar sandar alminiyam mai raga a baki, aka ce safe da yamma.

Kwana huɗu da cika ruwan, da hantsi, ta zura sandar ke nan sai ta ji wani abu ya bi tafin hannunta zir, kamar cinnaku sun yi layi a cikin jijiya. Ta saki ta duba hannun. Babu komai. Ta sake kamawa, ya sake.

Ta samu Hajiya a kicin.

"Hajiya, ruwan nan yana cizo."

"Yana me?"

"Cizo. In na sa sandar sai in ji kamar ana jan jijiyata."

"Maganin ruwa ne, Adda, jikinki bai saba ba." Ta ɗan yi dariya ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. "Ke da kika saba da ruwan rafi."

Tawfiq kuwa cewa ya yi sanyin ƙashi ne, tsufa ya zo, Goggo ta riƙa shan magani.

Ranar Asabar ta tare Alhaji bayan ya karya kumallo. Bai yi musu ba, ya biyo ta sanye da jallabiya, ya tsuguna a bakin tafkin, ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya ma ɗebo ya shafa a fuska.

"Adda, ina cizon?"

Ta ɗauki sandar ta zura. Shiru. Ta matsa gaba ta sake zurawa. Ruwa lafiya lau, sanyi kawai. Kunya ta rufe ta kamar an kama ta da sata.

"Wallahi jiya ma..."

"Na sani. Gajiya ce. Ki riƙa hutawa."

Bai ce wa zai kwashe ganyen in ta huta ba.

Da azahar tana kishingiɗe a ɗakinta, kanta jingine da bango, sai ta ji injin ruwa ya yi tari ya fara gunji a ɗaya gefen. A nan ta tuna cewa da safe, lokacin da Alhaji ya sa hannu, injin shiru yake. Gidan dai a kan sola da inbata yake, ko an ɗauke wuta fanka ba ta gezau, don haka babu mai sanin an kawo ko an ɗauke. Injin tafkin da fitilunsa ne kaɗai aka bari a kan wutar layi, saboda inbata ba za ta ja su ba. Ta tashi ta fita, ta zura sandar da hannu ɗaya. Ya cije ta.

Kwana uku tana gwadawa. In inji ya yi shiru, ruwa ruwa ne. In ya fara gunji, sai cizo. Kuma kullum gaba yake yi: ranar Lahadi iyakarsa wuyan hannu, ranar Talata ya kai gwiwar hannu. Hindatu ba ta yi boko ba, amma kunnenta na nan ranar da Marvel ya ƙwanƙwasa bayan fitilar.

Ranar Laraba ta tsinci kwaɗi biyu sun sanƙare a kan ruwa, daidai fitila ta uku. Ta ɗora su a abin kwasar shara ta kai wa Hajiya har falo.

"Wuta ce, Hajiya. In an kawo wuta ne yake yi. Fitilun nan ne, kamar yadda mutumin nan ya faɗa."

"Au, kin koma injiniya ke nan. Fitilun da suke kashe da rana? Ga remot ɗin can a jakata. Don Allah fitar mini da ƙazantar nan."

Daga ranar sai ta koma fakon inji. In ya yi shiru ta ruga ta kwashe ganye, ko tana tsakiyar wanke-wanke. In ya tashi ta ajiye sanda. Dabarar ta yi mata kwana huɗu. A na biyar mai kwalliyar wajen biki za ta zo ganin wuri da ƙarfe sha ɗaya, iska ta kaɗa tun safe, ganye ya rufe rabin ruwan, inji kuma yana ta gunji.

"A ɗan jira a ɗauke wuta, Hajiya. Minti goma ya ishe ni."

"In jira a ɗauke wuta a gidana kafin a yi mini aiki?" Hajiya ta gyara tsayuwa. "Adda, a gidan nan ana ci, ana sha, ana kwana a ƙarƙashin fanka. Ba a ce ki yi dakan gero ba. Ganye kawai aka ce."

Hindatu ta sa silifas, ta naɗe bakin sandar da baƙar leda, ta yi bismilla. Ta kwaso sau ɗaya, ta kwaso sau biyu. A na uku ta ɗaga ragar sama, ruwa ya gangaro ta jikin sandar ya shige ƙarƙashin ledar, ta mayar da ita cikin tafkin. Hannunta ya damƙe sandar da kansa. Ta so ta saki, yatsun suka ƙi. Haƙoranta suka datse, ƙirjinta ya tsaya cak. Faɗuwar da ta yi ta baya ce ta fizgo sandar daga ruwan, ƙeyarta ta daki tayil.

Da ta buɗe ido, Hajiya ce tsaye a kanta.

"Sa hannunki, Hajiya," in ji Hindatu. "Yanzu, ga inji yana yi. Ɗan yatsa ɗaya. In ƙarya nake, yau in bar miki gidan."

Hajiya ta dubi ruwan. Taku biyu ne tsakaninta da shi. Hindatu ta ga ƙafarta ta motsa, amma baya ta yi.

"Jiya aka yi mini lalle. Ba zan ɓata shi a kan shirme ba."

Kafin Alhaji ya dawo daga ofis, faɗuwar ta sami suna. Hindatu na jin su daga bayan ƙofar kicin.

"Mutanen ruwa ne," in ji Hajiya. "Ba kai ka ce da suka gudo sai da suka kwana biyu a cikin fadama ba? Tun can suka biyo ta. Yanzu sun ga ruwa a gida sun motsa. Da ka ga yadda idonta ya juye."

Alhaji ya ce, "Allah ya sawwaƙe." A muryarsa har da wani sauƙi, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Aka kira Malam Shafi'u, limamin masallacin rukunin gidajen. Ya zauna a falo ya yi karatu mai tsawo, Hindatu na gabansa lulluɓe da mayafi tana bin ayoyin a zuci. Ba ta zabura ba, ba ta yi ihu ba. Da ya gama ya tambaye ta sunanta, da ranar da ake ciki, da abin da ke damunta. Ta faɗa masa tiryan-tiryan, har da kwaɗin.

Malam ya shafa gemunsa. "Hajiya, ni dai ban ga alamar komai ba. Baiwar Allahn nan da hankalinta. Da ni ne, da na kira mai gyaran wuta ya duba. Rigakafi ya fi magani."

"Za a duba, Malam. Mun gode."

Yana fita Hajiya ta ce wasu aljanun har malamai suke ɓoye wa. Amma an duba ɗin. Tawfiq ya zo da yamma ya tsaya daga nesa, ya danna remot, launi bakwai suka zagayo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ga shi nan, lafiya ƙalau."

Hindatu ta daina cin abincin kirki. Hannunta na dama ya yi nauyi, kofi ma sai ya suɓuce mata. In tana zaune sai ta ji zuciyarta ta yi tsalle ta tsaya, ta sake tashi. Ta daina jin komai a gidan sai injin nan. Ko salla take yi, kunnenta na jikin bango.

Ana gobe biki ta tare Alhaji a bakin mota. Shekara huɗu ba ta kira sunansa ba.

"Nuraddeen."

Ya tsaya da hannu a kan marfin.

"Ba don ni ba. Ni na saba. Gobe yara ashirin za su shiga ruwan nan, Nazeefa ce a gaba. Ka kira mutumin nan ya duba. Awa ɗaya."

"Adda, in na kira Marvel yau, na ƙaryata Tawfiq, na ƙaryata Khaula, ana gobe taro. Kin san abin da zai biyo baya a gidan nan. Kuma na sa hannuna da kaina, a gabanki."

"Lokacin babu wuta."

"To yanzu akwai? Mu je in sake sawa."

Ta kasa kunne. Bayan gida tsit.

"Babu."

"Kin gani ko?" Ya duba agogo. "A bari goben ta wuce. Ranar Litinin zan sa a duba, in sha Allahu. Na yi miki alkawari."

Da yamma Nazeefa ta zo a yi mata kitso, rungume da sabuwar rigar wankanta mai hoton kifi. Ta zauna tsakanin ƙafafun Hindatu tana ta zuba, wa zai zo, wa ya iya iyo, wa ke ƙarya. Hindatu ta kai ƙarshen kitso na uku, ta sunkuya daidai kunnenta.

"Uwata, in na roƙe ki abu za ki yi mini?"

"Mene ne, Goggo?"

"Gobe kada ki shiga ruwan. Ki tsaya a gefe ki yanka kek ɗinki."

Yarinyar ta waigo, idonta ya cika da ƙwalla, ta tashi da rabin kai a tsefe ta ruga cikin gida. Ba a jima ba Hajiya ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gobe in Adda ta gama suya ta shige ɗakinta, kada ta fito sai baƙi sun watse, don kada mutane su ga abin da za su tafi da shi a baki.

Ranar biki tun asuba babu wuta. Hindatu ta soya nama da cincin har azahar, sannan ta shige ɗaki kamar yadda aka ce. Ta tagarta tana hango gefen tafkin: balan-balan, kujeru, mata da manyan tabarau. Ƙarfe huɗu aka busa usur, yara suka afka ruwa kamar an zazzage kwando. Ta hango kan Nazeefa a tsakiya, da kitson da wata ta ƙarasa.

A layin nan, in aka wayi gari babu wuta, wajen ƙarfe biyar ake kawowa. Hindatu ta fi kowa sanin haka.

"Ku dai taya ni addu'a a kawo wuta," ta ji Hajiya na gaya wa ƙawayenta. "Sai kun ga fitilun. Launi bakwai."

Hindatu ta tayar da la'asar, ta kasa sanin raka'a nawa ta yi. Ta sallame ta fito. Ta murɗa ƙofar ɗakin inji, a kulle. Ta sami Tawfiq yana ɗaukar hoto, ta ce ya ba ta makulli ko ya je ya zare wayar da kansa, ya ce, "Goggo, koma ɗaki mana," bai ko sauke wayar daga fuskarsa ba. Ta nufi wata mata da ke zaune a bakin tafkin, ta durƙusa a gabanta.

"Hajiya, don girman Allah ki fitar da ɗanki. In aka kawo wuta..."

Hannun Hajiya Khaula ya sauka a kafaɗarta, a hankali, kamar na mai lallashi.

"Yayar maigidan ce," ta ce wa matar ƙasa-ƙasa. "Ba ta da lafiya. 'Yan gudun hijira ne, kin san abin da suka gani."

"Allah sarki," in ji matar. "Allah ya ba ta lafiya." Ta ɗan janye jakarta.

Aka rako Hindatu har kwanar ɗakinta. Agogon 'yar wayarta ya nuna biyar saura kwata.

A bayan kicin, cikin bahon da ta yanka nama, akwai babbar wuƙar da ƙotarta ta daɗe da fita, ƙarfe ce zalla. Ta ɗauko ta. Ta durƙusa a ƙarƙashin tagarta ta tone tsakuwa da hannu, har baƙar wayar ta bayyana, kaurin babban yatsa. Ta riƙe da hagu, ta fara yanka da dama.

Robar ta yi tauri, wuƙar ta dakushe da ƙashi, hannun kuma ba ƙarfi. Gumi na zuba daga goshinta yana sauka a kan ƙarfen. Tana jin yara na ƙirga wa wani da ya nutse, ɗaya, biyu, uku. Ta danna da duk nauyin jikinta. Jan ƙarfe ya leƙo. Ta ce, Ya Allah minti ɗaya, minti ɗaya kawai. Ta ƙara dannawa.

A bayan bango inji ya yi tari.

Wani farin haske ya tashi, da ƙara kamar taya ta fashe. Aka ɗaga ta aka maka da bango. Inji ya mutu. Warin ƙonanniyar roba da na fata ya cika mata hanci. Ba ta nemi hannunta ba, ba ta san ma yana nan ko babu ba. Kunne ta kasa. Yara na nan suna ihunsu na wasa, wani yana cewa shi ya ci, wata tana cewa ƙarya ne. Sai a lokacin ta bar idonta ya rufe.

Kwana biyu ta yi a wani asibitin kuɗi. Aka naɗe hannun, likita ya ce yatsu biyu ba za su sake miƙewa ba. Kafin a sallame ta, labari ya gama rukunin gidajen: mahaukaciyar gidan Alhaji Nuraddeen ta ɗauki wuƙa ana tsakiyar bikin yara, Allah ne ya kiyaye.

Alhaji ya cika alkawari. Ranar Litinin Marvel ya zo. Hindatu na kwance a ɗakinta, taga a buɗe, tana jin yana rage ruwan tafkin, tana jin yana kwance kusoshi. Ya kawo fitila ta uku ya ajiye a teburin roba, ya ɓalle bayanta. Ta ji zubar ruwa a ƙasa.

"Oga, duba. Huɗu cikin shida sun sha ruwa. Ka ga wayan ciki, ya ƙone, ya yi kore. In wuta ya zo yara na ciki, ba asibiti za ka je ba." Ya nuna wajen ɗakin inji. "Wa ya yanka wancan waya?"

Marvel ya ajiye bayan fitilar a kan tebur.

"Wanda ya yanka shi, ku je ku durƙusa masa."

Ya koma bakin aikinsa. Can Hindatu ta ji Hajiya na kuka, kukan gaske, irin na wanda ya leƙa rami ya ga zurfinsa.

"Khaula, gaskiya ta faɗa," in ji Alhaji. "Tun farko."

"Na ji." Ta ja hanci. "Wallahi na ji. Amma ka tsaya ka yi tunani. Yara ashirin da biyu. Har da 'yar ogan ku. In aka ce da hankalinta, to mu ne muka zuba 'ya'yan mutane a ruwan wuta bayan an gaya mana sau goma. Wa zai sake kallonmu? Kowa ya riga ya san ba ta da lafiya. A bar shi a haka."

"Haba, Khaula."

"In ta zauna, za ta yi magana. Ko ba ta yi ba, Nazeefa za ta tambaye ta abin da ya sami hannunta."

Hindatu ta san shirun Nuraddeen tun yana zanin goyo. Ta san wanda yake yi kafin ya yi gardama, ta san wanda yake yi kafin ya sallama. Ba ta jira ta ji amsar ba, ta tashi ta fara ninke zannuwanta da hannu ɗaya.

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Adda, mun ga kamar za ki fi samun natsuwa a cikin mutanenki. Na ɗan lokaci ne, kafin ki warware."

"Tagar a buɗe take, Alhaji."

Ya dubi tagar, ya dubi ƙasa.

"Wace fitila za a sa yanzu?" ta ce.

"Fara. Ta Marvel."

"To alhamdu lillahi." Ta ja zip ɗin jakar da haƙori. "A bar ni in yi sallama da Nazeefa."

"Tana makaranta. Direba kuma yana jira."

A Katampe fitilun fari ne yanzu, tas da su, kana hango ƙasan tafkin kamar babu ruwa. Duk baƙon da ya zo sai ya yaba. Hajiya kan ce ai su dama fara suka fi so, ta fi aminci ga yara, har ta kan ba mutane shawara kada su yarda a sa musu ta gaden. In wani ya tuna ya tambayi jikin yayar maigida, sai ta sauke murya ta ce, "Mun yi iya ƙoƙarinmu, har malami muka kira. Allah dai ya ba ta lafiya." A ce amin, a miƙo lemo.

A Kuchigoro labarin ya riga Hindatu sauka daga mota, direba ne ya ba maza a bakin hanya. Ta sami gurbi a tamfol ɗin wata tsohuwar maƙwabciyarta. Ta gaya wa mutum biyu abin da ya faru, suka saurara har ƙarshe, suka ce Allah ya sawwaƙe da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Ba ta gaya wa na uku ba.

Da safe takan bi layin famfo, ta ɗauki rabin bokiti da hagu. Abu ɗaya ne ya ƙi barinta. In ta ga yaro zai sa hannu a ruwa, ko na bokiti ne, ko na baho, sai ta riga shi. Ta tsoma ɗan yatsanta ɗaya, ta karkata kai ta kasa kunne, sannan ta ce masa, "Sa, babu komai."

Matan da ke layi su kalli juna, kowacce ta jawo ɗanta kusa.